Bend, Bow ko Flex: Wacce Za Ka Ɗauka Idan Abu Ya Lanƙwashe?

Wata ɗalibata ta taɓa rubuta mini a insha'in Turanci cewa da ta isa gida hutu, *I bent down and greeted my father*. Na ja layi a ƙarƙashi da jan biro. Ta biyo ni ofis tana ƙorafi, wai Malam ai nahawun daidai yake. Gaskiyarta, nahawu bai yi laifin komai ba. Na ce mata, "To me kika yi a gaban Baban? Sunkuyawa kika yi, ko rusunawa, ko durƙusawa, ko tsugunawa?" Ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce, "Durƙusawa mana, Malam." Na ce to abin da kika rubuta, Baturen da ya karanta zai ɗauka mahaifinki yana kwance ne a ƙasa, ko kunnensa ya yi nauyi, kika sunkuya don ya ji ki.

A Hausa ko yaron da bai shiga firamare ba ba ya haɗa duƙawa da durƙusawa, ba ya haɗa ninke riga da lanƙwasa ƙarfe. Amma da zarar mun shiga Turanci sai mu tattara waɗannan duka mu zuba su a buhu ɗaya mai suna *bend*. Turancin kuwa yana da nasa rabe-raben, sai dai iyakokinsa ba su faɗo daidai kan namu ba. Wanda ya san inda kowace kalma ta fito, zaɓi zai zo masa da sauƙi, domin yawancinsu har yau suna ɗauke da ƙamshin gidan da aka haife su.

Bend: kalmar da ta faro daga ɗauri

A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila sama da shekara 1000 da suka wuce, kalmar ita ce *bendan*, kuma ma'anarta ɗaurewa, ba lanƙwasawa ba. Ƴar gida ɗaya ce da *bind* da *band* da *bond*, dukkansu maganar igiya da mari da ƙulli. To yaya ɗauri ya koma lanƙwasa? Ta hannun maharba. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana shirya bakansa ya san tsirkiya ba ta hawa sai an danne icen ya rusuna. Ɗaura tsirkiya da tanƙwara baka aiki ɗaya ne, a lokaci ɗaya. Turawan da suka ce sun "ɗaure" baka, a hankali sai kunnen jama'a ya riƙa jin sun "lanƙwasa" shi, daga nan kalmar ta bar baka ta hau kan sanda da ƙarfe da gwiwa da gadon baya. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da dogon baka mai tsawon mutum ya zame mata makamin tinƙaho, wanda ta ci Faransa da shi a Kiresi a 1346 da Ajinko a 1415.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ma'aikatan jirgin ruwa har gobe suna kiran ƙullin da ke haɗa igiya biyu *bend*, kamar wanda suke ce wa *sheet bend*. Haka kuma idan aka ce mutum *is bent on revenge*, wato ya ƙudiri ramuwa ba mai hana shi, hoton bakan ne da aka ja aka saita, kibiya kawai ake jira ta tashi.

Wannan tarihi shi ne ma'aunin kalmar. *Bend* tana son abu biyu: abin da asalinsa miƙaƙƙe ne, da ƙarfin da ya raba shi da miƙewar. Rodi, waya, cokali, reshe, gwiwa, bayan mutum. Ba ta gaya maka ko abin zai koma yadda yake, ba ta gaya maka dalilin lanƙwasawar, ba ta yabo ba ta zagi. Shi ya sa ta fi kowacce faɗi, shi ya sa kuma nake cewa idan kana shakka a kan ƙarfe ko ice ko roba, ɗauki *bend*, da wuya ka ji kunya. Masu aikin rodi a wurin gini ma sunansu ke nan a Turancin Najeriya, *iron bender*.

Akwai wuri ɗaya da Hausa ta fi ta fayyacewa. Mu muna sauya ƙarshen aikatau: ya lanƙwasa rodi, rodi ya lanƙwashe, rodin ba ya lanƙwasuwa. Turanci kalma ɗaya yake juyawa a duka ukun: *he bent the rod*, *the rod bent*, *the rod won't bend*. Kada ka wahalar da kanka neman wata kalma ta daban don "lanƙwashe". Ita ce dai. Sai ka kula da shuɗaɗɗen lokaci: *bent* ne, kamar yadda *send* ke komawa *sent*, *lend* ta koma *lent*. Ɗalibai da yawa suna rubuta *bended*, kuskure ne a Turancin yau, in ban da tsohuwar magana guda da ta daskare a haka, *on bended knee*, wadda ake faɗa idan mutum ya durƙusa yana roƙo ko yana neman aure.

Idan jikin mutum ne, yawanci tana neman ƴar rakiya: *bend down* don ɗaukar abin da ya faɗi, *bend over* idan ka sunkuya a kan tebur ko rijiya. Daga nan ne ƴan Kudu suka raɗa wa kasuwar gwanjo suna *bend-down boutique*, kantin da sai ka sunkuya kake zaɓe. Sunan ya dace ƙwarai, domin sunkuyon aiki ne, babu girmamawa a cikinsa. Kuma nan ne ɗalibata ta yi tuntuɓe.

A fagen ma'ana ta aro, *bend* tana tsayawa ne a tsakiya, tsakanin miƙewa da karyewa. *Bend the rules* shi ne a sassauta doka a yi mata kwana, ba a kai ga *break the rules* ba, wato karya ta ƙiri-ƙiri. *Bend the truth* shi ne a murɗa gaskiya ba tare da an shara ƙarya tsagwaronta ba. *Bend over backwards* kuwa yabo ne: mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har ya takura kansa, don ya kyautata wa wani. Amma ka yi hattara da siffar *bent* a kan mutum. A bakin ƴan Birtaniya, ɗan sandan da aka ce *bent* maci hanci ne, kamar yadda mu ma muke cewa wane ba miƙaƙƙe ba ne, yana da kwana-kwana. Idan tsoho kake nufi wanda shekaru suka tanƙwara, ka cika maganar, ka ce *bent with age*.

Bow: rubutu ɗaya, baki biyu

Abin dariya shi ne, kalmar da asalinta take nufin lanƙwasawa a tsohon Turanci ita ce *bugan*, wadda ta zama *bow* ta yau, ƴar'uwar *biegen* ta Jamusanci. *Bend* ta zo daga baya ta ƙwace mata gona, ta bar mata ɗan lungu guda: sunkuyon ladabi. Baƙo ya kori ɗan gida, ɗan gida ya koma fada.

Saboda haka tambayar da za ka yi kafin ka zaɓi *bow* ita ce: don wa aka sunkuya? Idan don tsintar allura ne, *bend*. Idan don Allah ne, ko sarki, ko alƙali, ko ƴan kallo, *bow*. Masu fassara littattafan addini zuwa Turanci *bowing* suke ce wa ruku'u, sujada kuma *prostration*. Wanda ya fassara ruku'u da *bending* ya mai da ibada motsa jiki. Lauya yana *bow* idan ya shiga kotu. A Majalisar Dattawan Najeriya an san al'adar nan ta ce wa wanda aka kawo tantancewa *take a bow and go*, ya rusuna ya wuce ba tambaya, abin da ke jawo surutu duk lokacin da ake tantance ministoci. A Japan kuwa rusunawar har awo gare ta: kusan digiri 15 don gaisuwar wucewa, 30 don girmamawa ta aiki, 45 don babban ladabi ko neman gafara. Duk waɗannan *bow* ne, ko da yake bayan mutum ne ke lanƙwashewa.

Daga ladabi sai ta gangara zuwa miƙa wuya. Gwamnatin da ta *bowed to pressure* ta ba da kai ne bori ya hau. A nan akwai bambanci mai kyau tsakaninta da *bend*: wanda ya *bend* ya sassauta, yana iya miƙewa gobe, wanda ya *bow* ya sallama. Ɗan siyasa ko ɗan wasan da ya *bowed out* kuma ya yi ritaya ne cikin mutunci, kamar mai wasan kwaikwayo da ya rusuna wa jama'a kafin a ja labule.

Matsalar *bow* a baki take. Idan rusunawa ce, ana furta ta "bau", ta yi amo ɗaya da *now* da *cow*. Idan bakan harbi ne, ko ɗaurin kintinkiri, ana furta ta kamar *go* da *no*. Tushensu ɗaya, amma sun rabu. Ta biyun ce ke cikin *rainbow*, bakan ruwan sama, wanda mu muka ba Gizo muka ce bakan gizo; mu da su duk baka muka gani a sama, mai shi ne kawai muka saɓa. Ita ce kuma a *elbow*, gwiwar hannu: *el* ɗin tsohon sunan damtsen hannu ne daga gwiwa zuwa yatsu, wanda ya zama ma'aunin yadi, kamar dai kamu a wurin masu sayar da ƙyalle na da. Idan katakon kanta ya yi ciki saboda nauyin littattafai aka ce *the shelf has bowed*, wannan furucin na bakan harbi ake yi, domin siffar baka katakon ya ɗauka, ba gaisuwa yake yi ba.

Flex: baƙuwa daga Latin

*Bend* da *bow* ƴan ƙasa ne. *Flex* kuwa daga Latin ta zo, daga *flectere*, lanƙwasawa. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka zama harsunan fada da coci da makaranta na ɗaruruwan shekaru, Turanci ya tashi da hawa biyu: kalmar gida a ƙasa, kalmar masana a sama. Mu ma mun san irin wannan, yadda kalmar Larabci kan zauna kusa da ta Hausa, ɗaya ta malamai ɗaya ta kasuwa. Dangin *flex* suna da yawa, kuma duk lanƙwasa ce a cikinsu: *reflect* mai da haske baya, *deflect* kautar da abu daga hanyarsa, *reflex* motsin da jiki ke mayarwa ba da shawararka ba, *flexible* mai lanƙwasuwa.

Abin da ya raba ta da *bend* a aikace shi ne dawowa. Abin da ya *flex* ya lanƙwashe ne zai koma, kuma an yi shi ne don haka. Fiffiken jirgin sama yana *flex* a cikin iska, injiniyoyi sun tsara shi a kan haka. Ranar da aka ce fiffiken *is bent*, jirgin ba zai tashi ba. Tafin takalmin gudu yana *flex*. Ƙusar da ka buga ta karkace kuwa *bent* ce, ba ta dawowa sai da guduma.

Wuri na biyu shi ne gaɓoɓi da tsoka. Likitan ƙashi da mai gashin ƙashi na asibiti suna rubuta *flexion* idan gaɓa ta naɗe, *extension* idan ta miƙe. Amma ko su, idan suna magana da majiyyaci, *bend your knee* suke cewa. To ga shawara: a rahoton asibiti ko amsar jarrabawar kimiyya, *flex*, a baki da mutane, *bend*. Tsoka kuwa ba a *bend* ɗinta sam. *Flex your muscles* shi ne ka ɗaure damtse ƙwanji ya fito, irin na ɗan dambe kafin a shiga fage.

Daga wannan ƙwanjin ne sabuwar ma'ana ta tsiro. Ƙasar da ta fito da jiragen yaƙi don tsorata maƙwabciya, jaridu kan ce tana *flexing its muscles*. Sai baƙaƙen fatar Amurka, musamman ta bakin mawaƙan gambarar zamani, suka gajarta ta: *flex* kawai, wato nuna isa, baje agogo da mota don a gani. Da ta iso Najeriya sai ta ƙara laushi, ta koma shaƙatawa da cin duniya. Saurayi zai ce yana *flexing* a ƙarshen mako, ba ya nufin yana yi wa kowa gadara. Ma'ana uku ke nan a kan kalma ɗaya, kuma Ba'amurke zai ji ta biyu a inda kai kake nufin ta uku. A takardar neman aiki kada ko ɗaya daga cikin biyun nan ta shiga. *Flexible* ce ke da wuri a can, kuma yabo ce: mutum mai sauƙin kai da ke iya sauya tsari. Ka lura, *flexible* yabo, *bent* zagi, alhali duk lanƙwasa ce. Wata ƙaramar ƙari: a Birtaniya igiyar wutar da ke bayan dutsen guga ita ma *flex* ce, a Najeriya kuma ledar da ake buga hoton ƴan takara a kai.

Jikin mutum: inda Hausa ta riga ta yi maka aikin

A nan ba ka buƙatar dogon nazari. Ka fara tambayar kanka da Hausa, amsar za ta nuna maka kalmar.

Durƙusawa, gwiwa a ƙasa, *kneel* ce, daga *knee*. Harafin k na farkonsu a da ana furta shi, yanzu ya yi shiru. Shuɗaɗɗenta *knelt*, ko da yake Amurkawa kan ce *kneeled*. Abin da ɗalibata take nema ke nan: *I knelt and greeted my father*. Tsugunawa a kan dugadugai *squat* ce, kuma abin sha'awa, kamar yadda muke cewa an tsugunar da ƴan gudun hijira, su ma *squatter* suke ce wa wanda ya zauna a filin da ba nasa ba. Ɗaliban jami'o'inmu da ke raɓewa a ɗakin aboki sun san kalmar sarai. *Crouch* tsuguno ne na shiri ko ɓuya, jiki a dunƙule, irin na kyanwar da ta hango ɓera ko mai tsaron gida da ke jiran bugun fanareti. *Duck* kuwa saurin sunkuyar da kai ne don kauce wa jifa ko ƙaramar ƙofa. Agwagwa ma daga wannan aikatau ta samo sunanta na Turanci, saboda yadda take dulmiya kai a ruwa.

*Stoop* ce ke buƙatar a tsaya a kanta. A zahiri duƙawa ce, kafaɗu da baya su yi gaba, kamar dogon mutum a ƙofar zaure, ko tsohon da bayansa ya riga ya zauna a haka. Amma tana ɗauke da wani nauyi da *bend* ba ta da shi: zubar da girma. *I won't stoop to his level* na nufin ba zan sauko in yi irin halinsa ba. *How could you stoop so low* zargi ne mai zafi. Mu muna cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, muna ganin saukowa dabara ce ta mai hankali. Su ma suna da *stoop to conquer* mai kama da haka, amma a maganar yau da kullum *stoop* ta fi karkata ga ƙasƙanci. Idan tawali'u kake son yabawa, kauce mata.

Gwiwa ma tana da siyasarta. *Bend the knee* mubaya'a ce, miƙa wuya ga mai mulki. *Take a knee* kuwa kusan kishiyarta ce tun 2016, lokacin da ɗan wasan ƙwallon Amurka Colin Kaepernick ya riƙa sa gwiwa ɗaya a ƙasa ana taken ƙasa, don nuna adawa da yadda ƴan sanda ke yi wa baƙaƙen fata. Bayan kisan George Floyd a 2020, ƴan wasan Firimiyar Ingila suka ɗauka. Motsi ɗaya, kalma ta sauya, ma'ana ta juya. Akwai kuma *genuflect*, daga Latin, gwiwa da lanƙwasa, wadda mabiya ɗariƙar Katolika ke yi a coci. A wajen coci idan aka jefi mutum da ita, fadanci ake nufi.

Rusunawar da matanmu ke yi, su ɗan rage tsawo ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba, ita ce ba ta da takwara tsaf. Mafi kusa ita ce *curtsy*, wadda ta fito daga *courtesy*, ladabi, kuma mata kaɗai ke yin ta a gaban sarauniya ko sarki. Ina amfani da ita idan dole ta kama, amma kullum sai in ji kamar na sa wa Bahaushiya rigar fadar Ingila.

Kaya da ƙarafa

Wayoyi biyu sun isa su raba maka *bend* da *fold*. A 2014 masu iPhone 6 Plus suka yi ta kukan cewa wayar tana lanƙwashewa a aljihun wando, har aka raɗa wa abin suna *Bendgate*. A 2019 Samsung ya fito da Galaxy Fold, wayar da ake ninkewa kamar littafi, ana sayar da ita da tsada saboda hakan. Ta farko aibi, ta biyu ado. *Fold* ninkewa ce: gefe ya haɗu da gefe, a sami layi mai kaifi. Takarda, riga, kuɗi, kujerar taro. Idan ka *bend* takardar shaidarka ta yi doro ne kawai. Idan ka *fold* ɗinta ta sami karin da ba ya gogewa. Shi ya sa ake buga *do not bend* a bayan ambulan mai ɗauke da hoto ko satifiket. Tabarma da darduma kuwa da muke naɗewa, *roll up* ne. Kamfanin da ya *folded* kuma ya durƙushe ke nan. Mu gwiwa muka gani, su ninki.

*Curve* daga Latin take, kuma siffa take bayyanawa, ba ƙarfi ba. Ba wanda ya danne jinjirin wata, haka yake, saboda haka *curved* ne. Wuƙar da maƙeri ya ƙera da lanƙwasa, kamar lauje, *curved*. Wadda ta lanƙwashe garin buɗe gwangwani, *bent*. A kan hanya kuwa sun yi tarayya: ƴan Birtaniya sun fi cewa *a sharp bend*, Amurkawa sun fi son *curve*. Tamu kalmar, kwana, daga *corner* muka aro ta, shi ya sa ɗalibai ke rubuta *corner* a kan kowace kwanar titi, alhali *corner* mahaɗar titi biyu ce ko kusurwar gini. Kwanar da ke tsakiyar daji a babbar hanya *bend* ce.

Kogi ma haka. Babbar kwanar da Kogin Neja ya yi a Mali, inda ya nufi Sahara har kusa da Tumbutu sannan ya juyo kudu maso gabas ta Gawo zuwa Yamai, Turawan Ingila *the Niger Bend* suke ce mata. Faransawa kuma *la boucle du Niger*, ƴan'uwanmu na Nijar sun san wannan. To wannan *boucle* ɗin ita ce ta haifi *buckle* ta Turanci, wadda ke nufin maƙullin bel, kuma take nufin lanƙwashewar abin da nauyi ko zafi ya fi ƙarfinsa. *Buckle* ba ta zuwa da alheri. Ginshiƙin da ya kasa ɗaukar bene ya *buckled*. Layin dogo yana yi idan rana ta yi tsanani, ƙarfe ya buɗe ya rasa wurin miƙewa; a watan Yulin 2022, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihin awonsu, sai da aka rage gudun jiragen ƙasa, aka dakatar da wasu, saboda wannan. Mutumin da aka yi wa mummunan albishir gwiwoyinsa suka saki, *his knees buckled*. Idan kana rubuta rahoton gini ko na haɗari, bambancin *bent* da *buckled* shi ne bambancin abin da za a gyara da abin da za a rushe.

*Warp* ta kafinta ce: ƙofar katako da damina ta sa ta karkace ta ƙi rufuwa, ko robar da aka bari a rana. Ba hannun kowa, a hankali take faruwa. A kan tunanin mutum kuwa, *a warped mind* karkatacciyar zuciya ce.

Akwai wuraren da kalma biyu ko uku duk suka halatta, sai dai ka duba wa kake yi wa magana. Ranar 29 ga Mayun 1919 aka yi husufin rana, masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Firinsipe da ke mashigin tekun Gini, wata tawagar kuma ta je Sobral a Barazil, suka ɗauki hotunan taurarin da ke kusa da rana don gwada hasashen Einstein cewa nauyin rana yana karkatar da haske. Masana *deflection* suke rubutawa. Mai yi wa jama'a bayani kuwa cewa yake *gravity bends light*, kowa ya gane. Haka cokalin da ke cikin kofin ruwa yake bayyana kamar ya karye: a ajin kimiyya *refraction*, a gida *the light bends*. A filin ƙwallo, bugun tazarar da David Beckham ya zura wa Girka a Old Trafford a watan Oktoban 2001, wanda ya kai Ingila gasar cin kofin duniya, mai sharhi zai iya cewa *he bent it* ko *he curled it*, duk daidai. *He flexed it* ko *he bowed it* kuwa ba mai faɗa.

Sai guda ɗaya da ba ta da madadi a bakin talaka. Idan ka ga *the bends*, da *the* a gaba da *s* a baya, ba kwanar hanya ake nufi ba, ciwo ne. Mai nutso da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, iskar naitirojin takan narke a jininsa saboda matsi. Idan ya taso da gaggawa sai ta koma kumfa a gaɓoɓi, kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri, azaba ta sa ya dunƙule ya kasa miƙewa. Leburorin da suka haƙa harsashin gadar Buruklin a New York, a cikin manyan akwatuna masu matsattsiyar iska a ƙarƙashin kogi, sun sha fama da shi, wasu suka mutu. Babban injiniyan aikin, Washington Roebling, shi ma ciwon ya kwantar da shi, har matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa wurin aiki tana sa ido, zuwa ranar da aka buɗe gadar a 1883. Likita zai rubuta *decompression sickness* a takarda, amma a bakin teku, idan aka fito da mutum yana riƙe da gwiwa yana nishi, abin da za ka ji ana faɗa shi ne *he's got the bends*.